Daren da Dakta ta faɗo Sheffield: a kan me masoya Doctor Who suka yi ta faɗa?

A yammacin Lahadi, 7 ga Oktoba 2018, tashar BBC One ta haska kashin farko na zango na 11 na Doctor Who, fim mai dogon zango na ƙagaggen labarin kimiyya wanda mutanen Birtaniya da yawa suka tashi da shi tun suna yara. A wannan zango ne mace ta fara jan fim ɗin a matsayin babbar jaruma. Kafin a gama jero sunayen ma'aikata a ƙarshen kashin, Twitter da YouTube sun cika maƙil. Wasu na cewa sun yi hawaye don murna, wasu na cewa an binne musu fim da ransa. Wanda bai kalla ba, ya tsaya ga abin da ake rubutawa kawai, sai ya ɗauka finafinai biyu daban aka nuna a daren. Rigingimu ne da dama suka haɗu a wuri guda, kuma a ganina wadda ta fi ƙara ta danne wadda ta fi muhimmanci, har aka kwashe shekaru ba a saurare ta yadda ya kamata ba.

Fim ɗin ya fara fita ranar 23 ga Nuwamba 1963. Labarin wani baƙon halitta ne daga duniyar Gallifrey, mai zuciya biyu a ƙirji, wanda ake kira Dakta. Yana yawo cikin zamani da sararin samaniya a wani jirgi mai suna TARDIS, wanda daga waje kamanninsa na shuɗin akwatin wayar 'yan sandan Ingila na da ne, amma cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. A 1966 jarumin farko, William Hartnell, ya kasa ci gaba saboda rashin lafiya, sai masu shirin suka ɓullo da dabarar da ta raya fim ɗin har yau: idan Dakta ya zo gargara, jikinsa na sabuntawa, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali, amma duk abin da ya sani yana nan a kansa. Patrick Troughton ya karɓa, aka ci gaba. An dakatar da fim ɗin a 1989, aka dawo da shi a 2005 a hannun marubuci Russell T Davies.

Saboda wannan dabara, kowane mai kallo yana da nasa Daktan, yawanci wanda ya tarar yana yaro. Don haka ƙorafi a lokacin canji ba sabon abu ba ne. Da aka sanar da Matt Smith a farkon 2009 yana ɗan shekara 26, an ce ya yi yarinta. Da aka sanar da Peter Capaldi a 2013 yana da shekara 55, an ce ya tsufa. Dukkansu sun samu karɓuwa daga baya. Abin da ya bambanta na wannan karon shi ne duk waɗanda suka riƙe matsayin cikin shekara hamsin da ɗoriya maza ne, a 2017 kuwa aka bai wa mace.

An sanar da hakan ranar 16 ga Yulin 2017, jim kaɗan bayan Roger Federer ya ci wasan ƙarshe na gasar tanis ta Wimbledon. Ɗan gajeren bidiyo ne: wani mutum cikin baƙar riga mai hula yana tafe a daji, ya buɗe tafin hannu makullin TARDIS ya bayyana, ya zame hular, sai ga fuskar jaruma Jodie Whittaker. Daga wannan rana zuwa ranar haska kashin farko kusan wata goma sha biyar ne, kuma in ban da 'yan mintocin da ta fito a ƙarshen shiri na musamman na Kirsimetin 2017, ba wanda ya ga aikinta. A cikin wannan dogon jira ne akasarin masu tayar da jijiyar wuya suka yanke hukunci. Wasu sun kai ƙorafi ga BBC, ta amsa da cewa tun da daɗewa labarin ya nuna cewa mutanen Gallifrey suna iya sauya jinsi. Gaskiya ta faɗa: a 2014 babban abokin gabar Dakta ya dawo a matsayin mace mai suna Missy, Michelle Gomez ta fito a wurin, kuma masu kallo sun so ta. Tun a 1986 ma Sydney Newman, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri fim ɗin, ya bai wa BBC shawarar a mai da Dakta mace.

Har tsofaffin jaruman sun rabu biyu. Peter Davison, Dakta na biyar, ya yaba wa Whittaker amma ya ce yana jimamin yara maza sun rasa wani abin koyi. Colin Baker, na shida, mai 'ya'ya mata huɗu, ya yi fatali da wannan magana a fili. Aka yi wa Davison ca, har ya bar Twitter. Ni ban yarda da Davison ba, domin ban ga abin da zai hana yaro namiji koyi da mace mai hankali da jarumta ba. Amma akwai abin dubawa a damuwarsa. Dakta jarumi ne da ba ya riƙe bindiga, yana warware matsala da tunani da magana, kuma irin wannan namiji ya yi ƙaranci a finafinan da ake yi wa yara. Maganar ta cancanci a amsa ta da hujja, kamar yadda Baker ya yi, ba a kori mai ita daga dandali ba. Tun daga nan aka fara ganin yadda muhawarar za ta kasance.

To me aka nuna a daren? Wannan ne ɓangaren da masu faɗan suka fi tsallakewa. Kashin, wanda sabon jagoran fim ɗin Chris Chibnall ya rubuta, Jamie Childs ya ba da umarni, bai fara da Dakta ba. Ya fara da wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Ryan, a kan tsauni a wajen garin Sheffield, yana ƙoƙarin koyon keke. Yana da wata lalura da ke hana gaɓoɓi aiki tare yadda ya kamata, don haka sai ya hau ya faɗi, ya sake hawa ya sake faɗuwa, kakarsa Grace da mijinta na biyu Graham suna tsaye suna ba shi ƙwarin gwiwa. Haushi ya kama shi, ya ɗauki keken ya wurga shi gangare. Wajen neman keken ne ya taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba, ya buɗe wa wani mafarauci daga wata duniya hanya. 'Yar sandar da ta amsa kiransa, Yasmin Khan, tsohuwar 'yar ajinsu ce ta firamare, kuma ba ta daɗe da rabuwa da wasu mata biyu da ke rigima kan wurin ajiye mota ba, tana ƙorafin ba a ba ta aikin da ya kai ƙwazonta.

Sai da aka yi nisa sannan Dakta ta fasa rufin jirgin ƙasa ta faɗo cikin tarago, sanye da yagaggun kayan Capaldi, ɗan Sukotlan da ya gabace ta a matsayin, waɗanda suka yi mata yawa, ba ta ma iya tuna sunanta. Maganar jinsi ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Yasmin ta kira ta da kalmar girmamawa ta mata, ta tambayi dalili, aka ce mata ai mace ce, ta tambaya ko ya dace da ita, ta ce rabin awa da ta wuce ita wani ɗan Sukotlan ce mai furfura, aka wuce wurin. Abin da aka shafe wata goma sha biyar ana gardama a kai ke nan, marubucin ya sallame shi da layuka kaɗan.

Wurin da na fi so shi ne inda ta shiga wani garejin walda ta ƙera wa kanta sukundireba mai aiki da sauti, kayan aikin da Dakta ba ya rabuwa da shi. Ta sa gilashin masu walda, ta narka cokula na ƙarfen Sheffield, tartsatsi na tashi, fuskarta cike da zumuɗin mai ƙira da abu ya fara haɗuwa a hannunsa. Garin Sheffield da ƙarfe aka san shi a duniya, Whittaker kuwa 'yar yankin Yorkshire ce, inda garin yake, kuma ta riƙe karin harshenta na arewacin Ingila maimakon ta ari na Landan. A wannan wuri ne aka ga wace irin Dakta za ta zama: mai aikin hannu, mai fara'a, mai saurin neman afuwa. Mafaraucin, Tzim-Sha, wanda ke cire haƙorin duk wanda ya kashe ya dasa a fuskarsa, ya firgita yara yadda ake so. A ƙarshe, a wani wurin gini mai dogayen injinan ɗaga kaya, Grace ta hau sama don ta kashe wata na'urar mafaraucin, lantarki ya buge ta, ta faɗo ta rasu.

Washegari alƙaluma suka fito. Mutum miliyan 8.2 ne suka kalla a daren, da aka haɗa da waɗanda suka kalla cikin mako ɗaya kuma adadin ya kai miliyan 10.96. Kashin farko na zangon da ya gabata, na Afrilun 2017, miliyan 6.68 ya samu. Nan take magoya baya suka ce ga amsa nan, waɗanda suka ce za su ƙaurace wa fim ɗin sun ji kunya. Mako na biyu ya sauka zuwa miliyan 9, aka ci gaba da sauka, kashin ƙarshe na 9 ga Disamba ya samu miliyan 6.65. Sai ɗaya ɓangaren ya ɗauki nasa alƙalamin ya ce ga shi nan, mutane sun gudu.

Duka ɓangarorin sun ɗora wa lambobin nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Kashin farko na sabon Dakta kamar ranar kai amarya ne, har wanda ba a gayyata ba yana leƙowa ya ga fuska, kuma cikar gida a ranar ba ta nuna yadda zaman zai kasance. An yi shekara guda ana tallan abin, an ɗauke fim ɗin daga Asabar da aka saba zuwa Lahadi, daren da mutanen Birtaniya suka fi zama a gida, sannan hukumar BARB mai ƙidayar masu kallo ta fara haɗawa da waɗanda suka kalla a waya da kwamfuta, abin da babu shi a lissafin shekarun baya. Saukar da aka yi ma tana da nata bayanin. Yawanci zango yana sauka bayan kashin farko, kuma inda wannan ya ƙare kusan daidai yake da inda zangon Capaldi na ƙarshe ya fara. A jimlace zango na 11 ya fi na 10 masu kallo. Sai dai rasa mutum sama da miliyan huɗu cikin mako tara ba ƙaramin abu ba ne, kuma waɗannan ba masu ƙin mace ba ne, domin masu ƙin sun ce tun farko ba za su zo ba. Mutane ne da suka zo da kansu, suka gani, suka janye a hankali.

Akwai ma'aunin da ya fi waɗannan kusa da gaskiya, amma ba a cika ambatonsa ba don ba ya tayar da ƙura. BBC na da wasu masu kallo da ake tambaya su ba da maki cikin ɗari ga abin da suka kalla. Kashin farko ya samu 83, sauran zangon kuma ya yi ta kai-kawo a kusa da 80. Ma'anarsa mai kallo na gida, wanda ba ya rubuta komai a intanet, ya ji daɗin abin daidai gwargwado, ba tare da ya ɗauke shi abin al'ajabi ko abin kunya ba. A shafin Rotten Tomatoes mai tattara sharhi kan finafinai kuwa masu sharhi na jaridu sun ɗaga zangon sama sosai, makin da jama'a ke bayarwa ya yi ƙasa warwas. A wancan lokaci kowa na iya buɗe shafi ya ba da maki ko bai kalla ba, kuma a 2019 shafin da kansa ya sauya dokokinsa ga finafinan sinima saboda irin wannan taron dangi. Makin jama'ar ya nuna akwai mutanen da ransu ya ɓaci har suka yi shiri, bai nuna yawansu ba.

Idan aka tsefe masu maganar, ba rukuni biyu ba ne kamar yadda jaridu suka riƙa nunawa. Akwai waɗanda suka ƙi tun kafin su gani, masu taken cewa wannan ba Daktarsu ba ce. Wasunsu sun buɗe tashoshin YouTube suna fitar da bidiyo duk mako, kuma da yake dandalin yana tura abin da ya fi riƙe mutane, fushi ya zama sana'a mai kawo kuɗi. Mai irin wannan tasha ba zai taɓa fitowa ya ce kashin wannan makon ya yi kyau ba, domin masu binsa ba don haka suka zo ba. Akwai kuma waɗanda abin ya taɓa zuciyarsu da gaske: iyaye da suka ɗauki bidiyon 'ya'yansu mata suna tsalle a gaban talabijin, matan da suka girma suna wasan Dakta a filin makaranta amma kullum a ba su matsayin mai rakiya, da masu lalura irin ta Ryan da suka ga kansu a fim karon farko. Murnar waɗannan ta gaskiya ce, kuma wanda ya raina ta bai fahimci abin da labari ke yi wa yaro ba.

Rukuni na uku shi ne ya fi ba ni tausayi, kuma shi ya fi faɗin abin da ke da amfani. Tsofaffin masoya ne da sababbi, maza da mata, waɗanda suka yi maraba da Whittaker hannu biyu amma suka ga matsaloli a rubutun tun a daren farko. Sun ce abokan tafiya uku sun yi yawa ga kashi mai minti hamsin, dole wani ya zama ɗan kallo. Sun ce Chibnall na sa mutane su faɗi abin da suke ji da baki maimakon a gan shi a aikinsu. Sun lura babu waƙar buɗewa da aka saba a kashin, babu TARDIS sai a mako na biyu, kuma an riga an sanar cewa ba za a ga tsofaffin dodanni irin su Dalek a zangon ba. Sun yi gardama mai ma'ana kan kiɗa, domin Murray Gold da ya riƙe shi tun 2005 da manyan gogayensa masu motsa zuciya ya tafi, Segun Akinola, matashi ɗan Birtaniya mai asalin Najeriya, ya zo da sauti mai sanyi da ke ratsawa ta ƙasa. Wasu sun so shi, ni ina cikinsu, wasu sun ce ba su fita da wani kari a kunne ba. Tosin Cole da ya fito a Ryan shi ma asalinsa Najeriya ne, kuma an yi ta muhawara ko rubutun ya ba shi abin da zai nuna iyawarsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi daga cikin magoya bayan canjin ya fito. Grace, wadda Sharon D. Clarke ta fito a matsayinta, ma'aikaciyar jinya ce baƙar fata, ita ta yi jinyar Graham lokacin da yake fama da ciwon daji kafin su yi aure. Cikin awa ɗaya ta fi kowa rai a fim ɗin, ita ce ke dariya lokacin da kowa ke tsoro, ita ce ta fi dacewa da yawon duniyoyi. Sai aka kashe ta don a samu abin da zai haɗa jika da mijin kakarsa cikin baƙin ciki. Masu kallo da dama, musamman mata baƙaƙe, suka ce a daren da ake bikin ɗaukaka mace, an sadaukar da wata macen don labarin maza biyu ya samu abin tafiya. Na ga gaskiyarsu. Mutuwar ta yi aiki a zuciya, jawabin Graham a wurin jana'iza yana da taɓa rai, amma fim ɗin ya yi asarar mutumin da ya fi buƙata.

Matsalar ita ce duk wanda ya buɗe baki da irin wannan suka sai a yi masa kuɗin goro da masu ƙin mace. Wasu suka yi shiru don kada a shafa musu kashin kaji. Wasu kuma masu tashoshin fushi suka ari hujjojinsu suka yi ado da su, ta yadda mai cewa rubutu ne matsala da mai fakewa da rubutu don ya zagi jaruma suka zama ba a iya bambance su daga nesa. Da zangon ya kai kan labarin Rosa Parks, mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, wanda Malorie Blackman ta rubuta tare da Chibnall, da labarin rabuwar Indiya da Pakistan ta 1947 na Vinay Patel, faɗan ya koma kan ko fim ɗin ya zama wa'azin siyasa. Waɗannan biyu suna cikin mafi kyawun kashin zangon. Raunin yana wasu wurare, a kashin da babu wata siyasa a cikinsu sai labari mara gishiri da dodo mara tsoratarwa, kuma ba su samu rabin hayaniyar ba.

Chibnall da kansa ya san wannan kujera ta mai suka. A 1986, yana ɗan shekara 16, ya fito a wani shirin BBC mai suna Open Air a matsayin ɗan ƙungiyar masoya Doctor Who, ya soki labaran shekarar, marubutan suna saurare. Bidiyon ya sake yawo sosai bayan ya karɓi ragamar fim ɗin. Davies da Steven Moffat da suka gabace shi su ma masoya ne tun ƙuruciya. A wannan fim tazarar da ke tsakanin mai kallo da mai rubutawa 'yar kaɗan ce, shi ya sa masoyansa ke magana kamar masu hannun jari, shi ya sa kuma sukarsu ta gaskiya take da daraja idan an bari ta isa inda aka nufa.

Wani ɓangarenta ya isa. Ranar 1 ga Janairun 2019 Dalek ya dawo, zango na 12 da ya fara ranar 1 ga Janairun 2020 kuma ya dawo da babban abokin gabar Dakta a jikin Sacha Dhawan, tare da wasu tsofaffin fuskoki. Kashin farkonsa miliyan 6.89 ya samu. Rigimar da ta biyo baya a watan Maris na shekarar, kan sauya asalin tarihin Dakta da Chibnall ya yi, ta raba masoya fiye da ta farko, kuma ba ta da alaƙa da ko jarumar mace ce. Maganar cunkoson abokan tafiya kuwa, wadda masu lura suka faɗa tun a daren Sheffield, ba a taɓa ta ba sai ranar 1 ga Janairun 2021, da Ryan da Graham suka sauka daga jirgin. Sai a lokacin Mandip Gill ta samu sarari a matsayin Yasmin, aka fara ba ta aikin yanke shawara da jagorantar wasu, bayan ta shafe zango biyu cur yawanci tana tsaye a gefe tana yi wa Dakta tambayoyi.